Sista Furera da Mai Ƙararta

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin wankin ƙoda na asibitin da Furera take aiki, ya san muryarta kafin ya san fuskarta, don tun daga baranda ake jiyo dariyarta. Haifaffiyar Ƙofar Durbi ce a Katsina, ɗiyar wani maɗinkin hula, kuma ita ce ta fara karatun jinya a gidansu. Ta yi aiki a ɗakin haihuwa, ta yi a ɗakin yara, daga baya aka tura ta kwas ta koyo aikin injin wankin ƙoda, sai ta zauna nan. Takan ce ɗakin nasu majalisa ce kawai aka sa wa gadaje. Mutanen su ne dai, kowa da ranarsa, a kwanta jini yana fita yana komawa, babu abin yi sai hira.

Cikin masu zuwa ɗakin babu wanda suka shaƙu kamar Alhaji Sada na Ƙofar Kaura, tsohon direban tirela da hawan jini ya kashe wa ƙoda. Yana ce mata ɗiyata, tana ce masa Baba Alhaji. An hana shi gishiri da yawan shan ruwa, amma da ta ɗora shi a sikeli take kama shi.

"Baba Alhaji, wannan nauyin na zoɓo ne ko na kunun aya?"

"Ke dai ba ki da kunya. Kurɓa ɗaya na yi a wurin suna."

"To wannan kurɓar da bokiti aka yi ta."

Masu wankin ƙoda likitoci kan haɗa musu wata jijiya a hannu, wadda ake soka allura a kai duk zuwa. Wata Laraba da hantsi Furera ta soka wa Alhaji allura kamar kullum, sai allurar ta zarce jijiyar, jini ya fara taruwa a ƙarƙashin fata. Nan take ta tsayar da injin, ta zare, ta danne wurin, ta sa ƙanƙara, ta aika a kira likita.

"Baba, allurata ta zarce. Hannun zai kumbura, ka yi haƙuri," in ji ta.

Hannun kuwa ya kumbura, ya yi baƙi har gwiwar hannu. Kafin a sake duba shi da kyau jijiyar ta toshe, ta mutu. Dole aka sa masa roba a wuya don a ci gaba da wankin, aka ce kuma sai an yi masa wani aikin a ɗaya hannun.

Babban ɗansa Hussaini, wanda yake aiki a Kaduna, ya zo hankali a tashe. Ya tambayi abin da ya faru, wannan ofis ya tura shi wancan, kowa yana tsoron buɗe baki. Da ya gaji sai ya ɗauki lauya. Alhaji yana fama da zazzaɓi da zogi, ya ce masa, "Yi abin da ka ga dama."

Ranar da sammaci ya iso, Furera ta ga sunanta kusa da na asibitin, ana tuhumarsu da sakaci. Ta koma gida ta kasa cin tuwo. Mijinta Malam Mahmud, malamin makaranta ne mai ƙarancin magana, ya zauna kusa da ita ya ce, "Kin ɓoye wani abu?" Ta ce a'a. Ya ce, "To ci abinci." Ita dai tunaninta lasisinta, da yadda za a riƙa nuna ta a unguwa ana cewa ita ce ta lalata hannun tsoho.

Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta haɗa ta da wata lauya, Barista Fiddausi, wadda ta gindaya mata sharaɗi: kada ta taɓa Alhaji Sada, kada ta yi magana da shi har a gama shari'a. Lauyan Hussaini ma haka ya gargaɗi Alhaji. Sai dai ƙoda ba ta san kotu ba. Alhaji ya ci gaba da zuwa ɗakin, wata nas tana kula da shi, Furera tana wucewa ta gaban gadonsa kanta a sunkuye.

Da sauƙi ya samu, abin ya ishe shi. A ce mutum ya ga wanda ya sani a Katsina ya wuce babu ko sannu? A gadon da ke kusa da nasa akwai Hajo, wata tsohuwa mai sayar da daddawa daga Ƙofar 'Yandaka. Ya juya ya ce da ƙarfi, "Hajo, lauya ya hana ni magana da ke?"

"Ni mi na yi maka?"

"To ki ce wa wadda nake ƙara ina kwana, ina gajiya, ina Malam da yara."

Furera tana tsaye a wurin injin Hajo, ta ciji leɓe. Can ta ce, "Inna Hajo, ki ce wa mai ƙarata lafiya lau, ina ƙarfin jiki. Ki kuma ce masa na ga ƙafarsa ta kumbura, ya rage zoɓo."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har masu jinya na baranda suka leƙo. Daga ranar Hajo ta zama 'yar aike, kuma ba ta isar da saƙo yadda aka ba ta, sai ta ƙara gishirinta. Da Barista Fiddausi ta ji labari ta dafe kai ta ce ita dai ba ta ji komai ba.

A kotu alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, ya ba su shawarar su gwada sulhu. Aka zauna a wani ɗaki, aka gayyato wani likitan ƙoda daga wani asibitin ya yi bayani. Ya ce zarcewar allura kan faru ko a hannun gwani, musamman ga tsoho mai siririyar jijiya, kuma abin da Furera ta yi bayan haka shi ne daidai. Inda aka gaza, in ji shi, asibitin ya yi jinkirin sake duba hannun. Da an duba da wuri, wataƙila da an ceto jijiyar.

Furera ta nemi izinin magana. Ta dubi Hussaini, ta ba shi labarin ranar tun daga farko, ba ta rage komai ba. Ta ce, "Hannuna ne ya riƙe allurar. Wahalar da Baba ya sha ta dame ni, kuma ina ba ku haƙuri."

Hussaini ya dube ta. Ya ce, "Sista, abin da na zo nema ke nan tun ranar farko. Da wani ya zaunar da ni ya faɗa mini haka, da ba mu zo nan ba."

Alhaji ya gyara hula ya ce, "To ni yanzu an sake mini baki? Ɗiyata, ina wuni!" Ya jero gaisuwa tun daga kanta har kakanninta, lauyoyi suna jira da biro a hannu.

Aka cire sunan Furera daga ƙarar. Asibitin ya ɗauki nauyin aikin ɗaya hannun, ya kuma kafa doka cewa duk wanda allura ta zarce masa a sake duba shi washegari, a kira danginsa a yi musu bayani. Hajo ce kaɗai ta yi ƙorafi, wai an raba ta da aiki babu ko tukuici.

Shari'ar ta bar wa Furera tabo. Har yanzu takan ja dogon numfashi kafin ta soka allura, kuma duk sabuwar nas da aka kawo ɗakin sai ta ba ta labarin da bakinta, ta ce in kuskure ya faru a faɗa da wuri, a nemi babba.

Da sabuwar jijiyar Alhaji ta yi ƙwari aka zo fara amfani da ita, ya naɗe hannu a ƙirji ya ce babu mai taɓa shi sai Furera. Ta zo ta sa safar hannu, ta lalubi jijiyar a hankali, ta yi bisimilla. Jini ya bi roba ja wur, injin ya kama aiki.

"Har kin gama? Ni ban ma ji ba," in ji Alhaji.

"To alhamdu lillahi. Ka kira Hussaini ka faɗa masa, kafin ya ji a bakin wani."