Gaisuwar Baffa a Kilomita na Bakwai

Ni fa Gwarzo ba baƙon gari ba ne a wajena, muna zuwa kasuwa, muna zuwa zumunci. Amma ɓangaren da kwaleji take ban taɓa taka shi ba sai shekarar da na gama sakandare, da aka sa tseren gudu na kilomita goma. Mutum biyar na farko za a ɗauka a tafi da su Kano. Ni kuwa wata huɗu ina zabga gudu a hanyar gonakinmu na Dugabau, can ƙasar Kabo, har mutane suka gaji da tambayar wa ya biyo ni. Na sa wa raina sai na shiga biyar ɗin nan ko ana ha maza ha mata.

Ranar Juma'a bayan masallaci na hau mota daga Kabo. A bakin get ɗin kwalejin abokina ya tare ni, ɗan kudancin Kaduna ne, babansa ya koya mana lissafi. Ya riga ni gamawa da shekara ɗaya, har ya zama ɗan gari. Ni ina ce masa Fasto, shi yana ce min Ustaz.

"Ustaz! Da wannan kambas ɗin gudu za ka yi ko shuka za ka je?"

"Bari kawai, Fasto. Gobe za ka ga wuta."

Kai, unguwar nan ta tafi da ni, ba ƙarya. Shagon fotokwafi, mai cajin waya, mai indomi da ƙwai, wani fotokwafin kuma. 'Yan mata rungume da handawut suna gardamar jarrabawa kamar za su daku, can kuma a fashe da dariya. Wani gaye a gindin dalbejiya, iyafis a kunne, yana haddace wani abu da Turanci yana kaɗa kai kamar mai tilawa. Kowa sauri yake, kowa da inda za shi. Na dinga ɗaukar hoto ina ɗorawa, har istatus ɗina ya koma kamar layin ɗinki. A raina na ce wallahi nan wajen da ni ya dace.

To a nan na tafka kuskure. A gidanmu akwai doka: duk wanda ya shigo Gwarzo, kafin ya sha ko ruwa, sai ya fara zuwa zauren Baffa, yayan Babanmu, malamin da ke karantar da manya a bakin hanyar Lakwaya. Ni indomi ta ɗauke min hankali. Na ce gobe bayan tsere na je.

Da safe an ɗan yi yayyafi, gari ya yi luf. Aka hura usur muka ɓalle. Ashe hanyar Lakwaya za mu miƙa, mu juyo. A tafiya ban ga kowa a ƙofar zauren ba, na ce alhamdulillahi. A dawowa, wajen kilomita na bakwai, ni ne na uku. Na uku fa! Numfashina daidai, ƙafa na cin ƙasa, har na fara tsara abin da zan rubuta a ƙasan hoto.

Sai ga Baffa a kan tabarma, da dattawa biyu. Muka haɗa ido.

Wallahi ban yanke shawara ba, ƙafafuna ne suka taka birki da kansu. Tunda aka haife ni ban taɓa wuce Baffa a tsaye ba, balle a guje da gajeren wando. Sai ga ni a durƙushe.

"Barka da hantsi, Baffa."

"A'a! Kai ne? Yaushe a gari?"

"Jiya, Baffa."

"Jiya. To. Ya Babanka?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙafar Innarku?"

"Da sauƙi."

Fit, mutum ɗaya ya wuce ta bayana. Fit, wani.

"Ya damina? Kun gama maimai?"

"Mun gama, Baffa."

Kuma ba a gaida mutum ɗaya a bar biyu. Na juya wajen dattawan, kowanne ya ɗauko tasa gaisuwar daga farko, har da ya mutan Dugabau. Ina amsawa ina ƙirga sawun da ke wucewa. Can ɗayansu ya ce, "Wai ni yaran nan me ya koro su ne tun ɗazu?"

"Tsere ne, Baba. Ni ma ina ciki."

Sai a lokacin Baffa ya kalli lambar da ke manne a ƙirjina.

"Kai, amma an yi sakarai! Tashi! Tashi ka bi su mana!"

Na tashi ina na tara. Gudun da na yi a ragowar hanyar nan ban san ina da shi a jikina ba. Na cinye ɗaya, na cinye na biyu, na uku kuma a bakin get. Na biyar yana gabana, ina ganin gumin wuyansa, ya riga ni taka layi da taku uku. Na shida.

Na zube a ciyawa, hawaye na neman kunyata ni. Fasto ya zo da ruwa, na ba shi labari, sai ya zauna daɓas yana dariya.

"Ustaz, ka tsaya gaisuwa? A cikin tsere? Da ka ƙarasa ka ɗauki darasi mana!"

Muna haka sai ga acaɓa ya sauke Baffa, da babbar rigarsa. Ya nufi kocin da ke rubuta sunaye, wata mata 'yar Filato mai usur a wuya. Suka gaisa, ya ce, "Malama, yaron nan ni na tsare shi. Laifina ne, ba nasa ba."

"Baba, na ji, kuma na gode da ka taso. Amma wanda ya zo na biyar shi ma gudu ya yi. Ba zan cire shi ba."

Baffa ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne."

Ta juyo kaina. "Kai, daga na tara ka dawo na shida a kilomita uku? Duk Asabar ƙarfe bakwai muna atisaye a filin nan. Akwai wani zaɓen bayan kaka. Za ka iya zuwa daga Kabo?"

Kafin in buɗe baki Baffa ya ce, "Zai dinga kwana a gidana ranar Juma'a." Ya kalle ni ta saman tabarau. "In kuma kana gudu ka gan ni, ɗaga hannu ya isa."

Biyar ɗin sun tafi Kano ba ni, a waya na kalli hotunansu, kuma ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba. Asabar ɗin da ta biyo, bakwai saura kwata ina filin, na riga koci zuwa.