Sitikar Shago a Ƙarƙashin Fiffike

Shekara talatin da ɗaya yana gyaran fanka, ko ƙofar jirgin sama bai taɓa leƙawa ba, amma duk ranar Asabar da safe sunansa Matuƙi. Ba shi ya raɗa wa kansa ba, sai dai bai taɓa hana kowa kira ba. Jirginsa tsawon hannu ne. Da farin soson kwalin firji ya ƙera shi, ya sa masa ɗan inji da batir, yana tuƙa shi daga ƙasa da rimot. Matarsa takan ce ta auri mutum mai furfura, ashe yaro ne ya ɓuya a ciki. Shi ma bai musa ba.

Su tara ne a ƙungiyarsu ta masu ƙananan jirage, duk tsofaffi masu ciwon gwiwa. Suna tashin jiragensu a wani fili bayan tsohuwar masana'anta. Mai filin ya ba su aro da sharaɗi ɗaya: wasa kawai, ban da sana'a. Wanda ke son neman abinci da jirgi ya je ya nemo lasisi, ya nemo wani filin. Shugaban ƙungiyar, malamin lissafi mai ritaya, ya riƙe sharaɗin nan da hannu biyu.

Al'adarsu ce kowa ya rubuta lambar wayarsa a fiffike, don idan iska ta kwashi jirgi wanda ya tsinta ya kira. Matuƙi rubutunsa kamar kaza ta yi tonon ƙasa, sai ya sauƙaƙa wa kansa, ya liƙa sitikar shagonsa: gyaran fanka da naɗin koyil, ga lamba a ƙasa.

Ɓatan farko iska ce, wannan zai iya rantsewa. Jirgin ya tsallake katanga ya sauka a unguwar manyan gidaje. Da yamma wani mai gadi ya kawo shi shago, da fankar mai gidansa a kafaɗa.

“Na ga an ce kana gyara,” in ji mai gadin.

Na biyun rabi iska ne, rabi sakaci. Fanka uku ya jawo. Daga nan Matuƙi ya tsinci kansa yana auna gidajen bayan katanga da ido, yana lissafin wanne ne zai fi yawan ɗakuna. Ya yi wa kansa faɗa, ya kuma ba kansa haƙuri nan take. Ai ba wanda ya biya shi ya tashi jirgi. Mutum bai isa ya hana iska kaɗawa ba.

Na ukun ko ganye ba ya motsi.

Asabar ta gaba shugaban ya tara su a inuwar katanga. Ya juya jirgin Matuƙi, ya daɗe yana kallon sitikar. Matuƙi ya san abin da ke shirin kuɓuce masa. A shago shi mai fanka ne, a gida baban yara. Nan kaɗai yake da sararin sama.

“Sitika ba laifi ba ce, ɗan'uwa,” shugaban ya ce a hankali. “Tambayata ɗaya. Na ukun nan, iska ce ko kai ne?”

Ya kwana shida yana shirya amsa mai kyau, har da batun raunin batir. Sai ya dubi mutanen nan takwas, waɗanda suka sha shiga ƙaya suna taya shi neman jirgi. Kunya ta rufe shi.

“Malam, babban yatsana ne,” ya ce. “Shi ya ɗan karkata a kan rimot.”

Sun yi dariya har da riƙe ciki, sannan suka ɗaga hannu suka dakatar da shi wata shida. Da shi ne a matsayinsu, da ya ɗaga nasa.

Yanzu ranar Asabar ma yana buɗe shago, don aiki ya yi masa yawa. Unguwar can duk ta san shi. Ya kankare sitikar da reza, ya rataye jirgin da zare a silin. Duk fankar da ya gama, sai ya juya fuskarta sama ya kunna, wai gwaji yake. Jirgin ya ɗan ɗaga hanci, ya yi lilo hagu da dama.

Jiya wata mata ta tsaya a ƙofa tana kallon jirgin.

“Mai fanka, na jikanka ne?”

Ya ce mata e, ya kashe fankar.