Jerin Duwatsun Gonarmu

Ni na kashe gonarmu ta kan tudu a bayan Dabai, na haɗa da idon ruwan da ke gindinta. Damina biyu ta ishe ni.

Gonar kakanmu ce. Jerin duwatsu goma sha ɗaya suka gitta ta, hawa-hawa, kowane jeri ya kai gwiwa. Muna yara ba a bari mu ɗauki ko ɗaya, ko don jifan biri.

Bayan an girbe dawa, in mun ci tuwo, Kaka Ladi, mahaifiyar babana, takan hura wuta da kara a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka. Takan ce, "Ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi, kasonsa nawa ne." Ni maigida take ce mini, don sunan mijinta na ci.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wani manomi ne dutse ya karya masa fartanya. Ya zagi duwatsun gonarsa, uwa da uba, ya ce su ba shi wuri. Da safe ya tarar sun tafi. Ya yi murna, ya yi shuka. Da ruwa ya sauko, ƙasa ta waiga ba ta ga abin jingina ba, ta bi sawunsu. Shi ma ruwa ya ce ba ya kwana inda babu ƙasa. Mutumin ya ɗauki sanda ya bi su yana roƙo.

Na yi dariya. "Kaka, dutse yana da ƙafa?"

"Kai mai ƙafa biyu, ina ka taɓa zuwa, maigida? Miƙo mini gyaɗata."

"To, ya same su?"

"Ka ji na ce ya dawo?"

Ta rasu, babana ya bi ta, gona ta dawo hannuna. A Mahuta na ga garmar shanu ta gama kafin hantsi aikin da nake kwana huɗu ina yi. Amma shanu ba sa iya juyawa tsakanin jerin nan. Masu tifa kuma suna neman dutsen gini. Na shiga rushe jerin ina sayar musu.

Baba Audu, ƙanen babana, ya hau tudun da sandarsa. "Dantani, ka san abin da kake kwashewa?"

"Duwatsu ne, Baba."

"To, Allah ya kyauta."

Shekarar farko dawa ta yi kyau. Ta biyu, ruwan Agusta ya tsaga gonar gida biyu, ya kwashe ƙasar ya zuba kan idon ruwa. Gida shida ke sha a nan. Mata suka koma tafiya rafi mai nisa, har da matata, ita ke jin abin da ake faɗa a hanya. Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga.

Na daɗe ina zaton tsohuwar tsoro take ba mu. Ashe noman tudu take koya mana, da bakin da yaro zai ji. Na ji, na riƙe, ban yi aiki da shi ba.

Yanzu ina Zuru, ina tura kurar ruwa gida-gida. Ran Asabar nakan hau tudun in tara dutse. Shekara uku, jeri biyu. A bayan jeri na farko, ƙasa ta taru, ta kai zurfin yatsa. Idon bai dawo ba. Gwiwata ta fara ciwo, saura jeri tara.