Naira Biyun Malam Maliki

Malam Maliki ya daɗe yana koyar da aikin akanta a wata makaranta a Unguwar Shanu. Wata rana a 1974, sufeton makarantu na zaune a aji, lissafin allo ya ƙi daidaita, naira biyu ta ɓace. Maimakon ya nemo kuskuren, sai ya rubuta "ƙananan hidimomi" ya cike giɓin.

Wata ɗaliba, Maryamu, ta ce, "Malam, ina rasidinsu?"

Ya ce, "Zauna, ba ki iya ba tukuna."

A jarrabawa, rabin ajin suka yi dabararsa. Ya kasa kayar da su, don ya san inda suka koya. Maryamu ba ta ƙara tambaya ba, kuma har ta gama makarantar, kunya ta hana shi ya ba ta haƙuri.