Zabuwa Mai Jan Ƙyalle a Shagon Madubi

Kakana na wajen uba ne mijina na farko. Tun ina rarrafe yake kirana amarya, ni kuma da bakina ya buɗe na sa masa ango. Ko da na yi auren gaske na koma Batsari inda nake koyarwa, bai yarda ya sake ni ba. In muka je gaishe shi can ƙauyenmu a ƙasar Safana, sai ya dubi maigidana ya ce, "Ga ɓarawon mata nan ya iso, a ɓoye tsofaffin gidan."

A ƙuruciyarsa ma'aikacin gandun daji ne. Abin da ya rage masa na wancan zamani shi ne wata siririyar bindiga mai cin harsashi ɗaya, da takardar izininta da yake sabuntawa ba fashi. Tun da daji ya zama abin da ya zama, ya daina nisa. Iyakarsa gefen gonaki da gindin duwatsun bayan gari, inda zabin daji ke saukowa kalen gero bayan girbi. Zabon daji ba ya bari a matso shi, daga nesa ake harbinsa, kuma da wannan Kaka ya yi suna.

To amma zabin gida ma a nan suke kiwo, har su cakuɗe da na dajin. Shi ya sa matan garinmu kowace ke ɗaura wa nata ƙyalle a fiffike, wannan ja, waccan shuɗi, wata kuma yagen tsohuwar atamfarta. Maharbi da ya hangi ƙyalle ya san dukiyar mutane ce.

Wata safiya Kaka ya dawo gida yana taƙama da zabuwa ƙosasshiya a hannu. Ba a kai ga fiɗe ta ba maƙwabciyarmu, wata gyatuma mai kaifin baki, ta shigo tana salati. Ta ɗaga fiffiken, ga jan ƙyallenta nan ɗaure. Kaka bai gan shi ba. Idon ne ya soma ja baya.

An ba ta haƙuri, an mayar mata da wata. Amma mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, suka zauna suka yanke shawara: za a karɓi bindigar a miƙa wa hukuma. Baffa ya ce yau zabuwa ce, wa ya san abin da zai harba gobe? Da na je ƙarshen mako na tarar da angona a zaure ya yi tagumi, ko tsokanar maigidana bai yi ba. Nan na san abin ya kai inda ya kai. Mutumin da ba ya zaman majalisa, ba ya sauraron rediyo, in aka raba shi da fitar safiyar nan, me ya rage masa?

Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, irin waɗanda muke haya a kasuwa mu ɓoye cikin littafin lissafi. A cikinsu, in masoyi ya shiga wani hali, masoyiyarsa kan bayyana da wata kyauta a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, ya buɗe, hawaye su zubo masa. Maigidana ne ya kawo maganar madubin hangen nesa da ake ɗaura wa bindiga, ni kuma nan take na gama tsara yadda zan durƙusa in miƙa, har da kalaman da zan faɗa.

Da ƙyar na shawo kan Baffa. Ya ce, "Na ji. Amma da sharaɗi, ɗiyata. A gabanmu, daga nesa, ya faɗa mana wace zabuwa ke da ƙyalle, kuma wane launi. In ya kasa, magana ta ƙare."

Kaka ne ya fara rusa mini shiri. Ya ce ba wanda zai zaɓo masa. "Idona zai aure shi ko naku? Da ni za a je. Kuma da zabuwa."

"Zabuwa kuma, ango? Har Katsina?"

"To mi zan je dubawa, amarya? Kyawunki? Shi na gama gani tun kina majina."

Haka muka hau bas daga Batsari, mu uku, ni da shi da maigidana, da wata zabuwar gida da ya ɗaura wa jan ƙyalle a kwando. Bindigar dai tana gida, ba mai yawo da ita a kan hanya. Zabuwar ta yi ta kuka tun daga tasha, fasinjoji na tambayar ko asibiti za a kai ta.

Shagon na wani Alhaji ne mai sayar da kayan farauta da na kamun kifi. Bayan an gama gaisawa, ya duba takardar Kaka, ya fito da madubai ya jera a kan teburi. Idona bai wuce na farko ba. Dogo ne, kwalinsa da ruwan zinare, gilashin gabansa ja wur yana sheƙi kamar dutsen zoben amarya. Kuma shi ya fi araha. Na ce a raina, wannan ai don kyauta aka yi shi.

"Wannan za mu ɗauka," in ji ni.

Kaka ya ce, "Ke dai lefe kika zo haɗawa. Kai, ɓarawo, ɗauki zabuwar nan ka tafi can ƙarshen layi, gindin darbejiyar can."

Maigidana, malamin makaranta da manyan kaya da hula, ya rungumi zabuwa ya bi titi. Kaka ya ɗora gwiwar hannu a kan teburin da aka fito masa da shi ƙofar shago, ya leƙa jan madubin. Can ya ɗago kai.

"Alhaji, damina ta sauka a garin nan ne?"

"A'a, Baba."

"To ni komai kore nake gani. Mijin yarinyar ga ma ya yi tsanwa kamar ganyen rama. Ƙyallen kuwa ya saje da gashi."

Na karɓa na duba. Gaskiyarsa. Duniya duk ta rine, jan ƙyallen ya koma baƙi-baƙi. Alhaji ya yi dariya ya ce wannan jan da ake shafa wa gilashin yana tare wani launin ne, shi ya sa abin da ke ciki ke canzawa. Ya ce samari na sonsa don kyau, shi kuma ba ya hana su. Na mayar da shi cikin kwalinsa a hankali, ina jin kamar an raba ni da saurayi.

Na biyu ƙato ne, mai nauyi, da abubuwan murzawa ta ko'ina, ga tsada. Alhaji ya ce mai kyau ne ƙwarai, yana jawo abu kusa har ka ƙirga gashin ido. Kaka ya leƙa, ya murza, ya sake murzawa.

"Ga maɓallin riga nan yana rawa. Ga kunne. Ya ɓace. Ina mutumin ya shiga?"

Hannun tsoho yana ɗan karkarwa, madubin kuwa duk yadda ya jawo abu kusa haka yake ƙara girman karkarwar, ga shi ɗan wuri kaɗan yake nunawa. Alhaji ya ce irin wannan sai mai kwanciya ya kafa bindiga a kan abu, yana da lokacin nema. Kaka ya ce zabon daji bai taɓa jiran kowa ya yi shimfiɗa ba.

Na ukun ban ma lura da shi ba. Gajere ne, baƙi, ba ado, gilashinsa garau kamar ruwan rijiya. Ba a murza shi ya ƙara jawowa, yadda aka yi shi haka yake. Tsadarsa tsaka-tsaki. Kaka ya kai ido, sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Yauwa. Ga ƙyalle nan ja, har da bakin zare a gefe. Amarya, zo ki ga abin kunya, mijinki na can yana washe wa mai gyaɗa baki."

Na fizge madubin. Gyaɗa yake saye, zabuwa a hammata, yana laluben aljihu da hannu ɗaya. Amma na gan shi tsaf, shi da bishiyar da rabin layin, kamar in miƙa hannu in gyara masa hula.

Kaka bai yarda nan take ba. Ya sa maigidana ya shiga inuwa, ya fito rana, ya juya zabuwar ta ɗaya gefen. Ya gwada ko zai ga komai ba tare da ya manna ido ba, don Alhaji ya ce madubin da ke tilasta maka matsowa shi ke sumbatar gira in bindiga ta tashi. Ya tambayi ko saitin zai jure girgizar babur a hanyar garinmu. Alhaji ya ce in ya goce a dawo masa da shi. A baƙar leda aka sa mana, Kaka ya soka cikin aljihun 'yar shara. Ban durƙusa ba, ba wanda ya yi hawaye, sai zabuwa da ta ɓata wa maigidana riga.

A gida ya kwana biyu yana daidaita madubin da bindigar, yana harbin tsohon murfin kwano a jikin dutse. Ranar gwaji muka fita da hantsi, ni da mahaifina da Baffa, har da maƙwabciyar nan, wadda ta ce ita ma tana da haƙƙin gani. Zabi na can ƙasan gona suna kale, da ido ba ka ganin komai sai ɗige-ɗige masu motsi. Kaka ya jingina da kututture ya ɗaga bindiga, ba harsashi a ciki.

"Ta gaba shuɗi. Ta bayanta ja, taki ce, tsohuwa, ta rame, ki riƙa ba ta dusa. Biyun can atamfa. Ta gefen tudu ba komai a jikinta, 'yar daji ce."

Baffa ya karɓa ya leƙa, ya daɗe yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina ma ya duba. Suka kalli juna.

"Ka riƙe abarka, Baba," in ji Baffa. "Amma sai rana ta fito sosai, kuma ban da yamma."

Kaka ya ce da ma da yamma barci yake yi. Ya sa harsashi, ya juyo da madubin wajen tudu. 'Yar dajin ta riga ta tashi tun muna surutu. Ya zauna a kan kututturen, ya ɗora bindigar a cinya, ya ce mu tafi gida mu bar shi, mun cika hayaniya.