Watannin da Kakata Ta Zama Muryar Dabdub

A gidanmu na unguwar Ruwais a Jidda talabijin ɗaya muke da shi, tsoho mai jikin katako, wanda kafilin Baba, wato Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, ya ba shi lokacin da ya sayi sabo. Ni da wana muna firamare a lokacin, kuma kullum bayan la'asar akan sa wa yara katun. Wanda muka fi so shi ne na wani dabdub, wato abin wasan nan mai gashi da kunnuwa zagayayyu da yara ke runguma. A labarin, an yar da shi ne a ɗakin tarkace saboda ya fito daga masana'anta da aibi, daga baya ya sami rai da ƙarfi. In wani ya shiga uku sai dabdub ɗin ya faɗi wata kalma ta sirri, ya tuɓe fatarsa kamar riga, sai ga shi cikin jajayen kaya ya tashi sama. Sai da na girma na ji cewa a wata ƙasa ake yin sa mai suna Wales, can maƙwabciyar Ingila, kuma da harshen mutanen wurin ya fara magana. Mu dai da Larabci muka san shi, Larabcin littafi irin na malamin makaranta.

Gidan yana kusa da teku, danshi kuwa ba ya barin kayan lantarki lafiya. Muryar talabijin ta fara shaƙewa, tana zuwa tana ɗaukewa. Baba gyaran mukayyif yake yi, na'urar sanyaya ɗaki, kuma a ganinsa duk abin da ake jona wa wuta ɗan'uwan mukayyif ne. Ranar wata Juma'a ya shimfiɗa jarida a ƙasa, ya kwance bayan talabijin, ya hura nan ya ɗaure can, ya mayar. Ƙusoshi uku da wata 'yar waya suka rage a kan jaridar. Hoto ya fito tar, fiye da da. Murya kuwa ko tari babu.

Umma ta ce, "Ka kai shi wurin mai gyara mana."

Baba ya ce, "Mai gyara? To ni mene ne a gidan nan?" Ya zuba ƙusoshin a aljihu, ya ce gobe zai ƙarasa. Goben nan ta kai wata huɗu.

Kakarmu ta wajen uba tana zaune tare da mu. Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan, don daga can ta zo aikin hajji ta zauna. Babban ƙorafinta a duniya shi ne mu. Ta yi mana magana da Hausa, mu amsa da Larabci. Muna jin komai, amma bakinmu ya ƙi. Takan ce ta haifi ɗa Bahaushe, shi kuma ya haifo mata baƙi.

Ranar farko da dabdub ya fito ba murya, wana ya kwanta a ƙasa yana shure-shure. Habboba na gefe da faranti a cinya tana tsinke ganyen lalo. Ta ɗaga kai ta ce, "Kai, me ɗan karen nan ya ce?"

Na ce mata ba kare ba ne, kuma ba mu ji ba, ai babu murya.

Ta ce, "Ku ne ba ku ji ba. Ni na ji." Ta ajiye faranti, ta gyara zama, ta ƙanƙance murya ta ce, "Assalamu alaikum, masu gida. Wa ya taɓa min tukunya?"

Wana ya daina shure-shure.

Daga ranar ta karɓi aikin. Ba ta taɓa bin labarin ba, don haka ta ƙirƙiro nata. Abokin dabdub, wani mai ɗige-ɗige a jiki da ya zo daga wata duniya, ita a wurinta yaro ne mai ƙyanda da uwarsa ta bari yana yawo a gari yana shafa wa mutane. Mugun da ke cikin labarin, mai faffaɗar malafa, dillalin shanu ne da ya cuci wani a kasuwa. Yaransa biyu kuwa, ƙato da wani ƙwarangwal, ta ce wa da ƙane ne, ɗaya ne ke cinye abincin ɗayan tun suna yara. In aka zo wurin kalmar sirri sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Bismillahi, a miƙo min jar rigata," kuma dole mu maimaita bismillar, in ba haka ba ta yi shiru har a gama faɗan.

Faɗan shi ne wurin da ta fi ƙwarewa. Duk naushi da zaginsa. "Karɓi wannan, ƙaton banza! Mai kai kamar murfin tukunya! Gobe ma ka ƙara!" Ni da wana muka haddace su kaf, muka fara jifan juna da su a wurin cin abinci. Umma ta kai ƙara wurin Baba. Ya ce aƙalla dai yanzu yara suna Hausa.

Maƙwabtanmu na ƙofa da ƙofa Larabawa ne 'yan asalin Jidda, mutanen kirki. Maigidan ma'aikacin tashar jirgin ruwa ne, mai tumbi da fara'a. Talabijin ɗinsu lafiyarsa ƙalau, amma ɗansu ɗan shekara biyar ya ji dariyarmu ta bango, ya shigo sau ɗaya, bai ƙara kallon katun a gidansu ba. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma yana zaune gaban Habboba baki buɗe, yana maimaita duk abin da ta faɗa.

Wata safiya uwarsa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Bayan gaisuwa ta ce wa Umma da Larabci, "Yaron nan kullum babansa ya dawo daga aiki sai ya tare shi a ƙofa ya ce masa 'gaton banza'. Me take nufi a yarenku?"

Ina tsaye bayan Umma. Ta yi murmushi ta ce, "Ai gaisuwa ce. Kamar a ce, babban mutum, Allah ya ja kwana."

Matar ta dafa ƙirji ta ce, "Masha Allah! Wallahi kuna da tarbiyya."

Washegari Baba ya fito zai tafi aiki, maƙwabcin yana goge gilashin motarsa. Ya ɗaga hannu da murna ya ce, "Sabahul khair, ya gaton banza!"

Baba ya tsaya da jakar kayan aiki a hannu. Ya dawo ciki, ya rufe ƙofa, ya dubi Umma. Ta gaya masa yadda aka yi. Ya ce to yanzu ya zai yi? Ta ce ya amsa mana, gaisuwa ce. Habboba na kan darduma tana jan carbi, kafaɗunta na rawa.

Mako biyu Baba yana shan wannan gaisuwa safe da yamma. Ya gwada fita da wuri, maƙwabcin ya leƙo ta taga. Ya gwada bi ta bayan gida, suka haɗu a wurin mai burodi, aka gaishe shi a gaban layi. Kullum sai ya ce yau zai faɗa masa gaskiya, in ya ga fuskar mutumin cike da murna sai ya kasa.

Abin ya fashe ne a ƙofar masallaci. Wani dattijo ɗan'uwan Habboba ya zo umara daga Kano, ya sauka a gidanmu kwana uku. Mutum ne mai farin gemu da babbar riga, wanda ko Baba ba ya zama a gabansa sai an ce ya zauna. Bayan sallar magariba suna saka takalma, maƙwabcin ya hango baƙo, ya ga dama ta samu ta nuna ladabi. Ya riƙe hannun dattijon da hannu biyu, ya sumbaci kansa, ya ce da ƙarfi, "Ahlan wa sahlan, ya gaton banza!"

Wana yana wurin, shi ya ba mu labari. Ya ce dattijon ya juyo a hankali ya tambayi Baba, "Ɗana, ni wannan bawan Allah yake nufi?" Baba ya ce, "Alhaji, ni ma haka yake ce min." Dattijon ya ce, "Kai kuma kana amsawa?"

A nan Baba ya ja maƙwabcin gefe ya fassara masa, kalma bayan kalma. Mutumin ya dafe kai. Can ya ce ai ya gai da wasu 'yan Najeriya uku da ita a wurin aiki, shi ya sa ɗaya ya daina yi masa magana. Sai dariya ta kama shi har ya zauna a kan matakala. Ya ba dattijon haƙuri, ya rantse sai ya ci abinci a gidansa kafin ya tafi. Dattijon ya je, ya ci, ya kuma koya masa "ranka ya daɗe", ya sa shi ya maimaita sau goma a gabansa.

Ranar Asabar maƙwabcin da kansa ya shigo, ya rungumi talabijin ɗinmu ya sa a mota zai kai wurin mai gyara. Baba ya bi shi da ƙusoshi uku da 'yar waya a tafin hannu.

Da aka dawo da shi, muka zauna bayan la'asar, dabdub ya buɗe baki da Larabcinsa mai tsabta. Habboba ta saurara har aka gama. Ta ce, "Ashe malami ne. Ni ina ta sa shi zagi." Ta ɗauki farantinta ta shige kicin. Muka bi ta muna roƙo a kashe muryar ta ci gaba, ta ce a'a, ta janyo wa ɗanta abin kunya a ƙofar masallaci, ya isa haka.

A hutun shekarar ƙanen Baba ya zo daga Sudan. Muka gaishe shi da Hausa, muka yi ta zuba masa surutu, Habboba na kallonsa tana jiran yabo. Ya saurare mu na ɗan lokaci, sannan ya dubi Baba ya ce, "Yaya, yaran nan sun iya Hausa sosai. Amma a wace tashar mota kake kai su karatu?"