Faifan da Baba Yake Jira

Babanmu ya yi aikin kuza a Filato tun yana saurayi. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa garmaho da tsofaffin faifai na mawaƙan ƙauyukan Amurka, masu waƙa ta hanci da jita. A cikinsu akwai ɗaya da Baba ya fi so. Mawaƙin yakan yi baiti, sai ya ɗaga murya ya karya ta, kamar Bafulatani na kiran shanu daga tsallaken rafi. Mu yara dariya muke yi, Baba kuwa ya lumshe ido yana kaɗa ƙafa. Faifan ya fashe tun ina firamare. Ba wanda ya san sunan mawaƙin a gidanmu, don Baba ba ya karanta Turanci, mu kuma ba mu damu ba.

Ina Kuala Lumpur, a ɗakina na unguwar Taman Melati, lokacin da ƙanwata ta kira ta ce ɓarin jikin Baba ya shanye. Magana ta ɗauke. An riga an sa dokar kulle ta korona, ba jirgi, ba hanya. Ta ce abu ɗaya ne ya rage a bakinsa, wannan waƙar, yana gunguninta ba kalmomi.

"Yaya, ka nemo masa mana a internet. Please."

Na nema har idona ya yi ja. Duk wadda na tura, ta kunna masa, sai ya ture wayar da hannunsa mai lafiya. Baba ko da lafiyarsa ba a yi masa wayo, balle yanzu.

Sai na tuna wani tsoho Ba'indiye a unguwar Brickfields mai tara tsofaffin faifai. Kafin cutar nakan leƙa shagonsa ranar Asabar, in tarar da shi da abokansa, tsofaffi duka, suna gardama a kan wane mawaƙi ne ya fi iya kuka. Kowa da gwaninsa, kuma ba a taɓa shiryawa ba. Na kira shi na rera masa waƙar ta waya, da muryata da ko a coci ba a sa ni gaba. Sai ya ƙarasa mini ita.

"Ina da shi lah," in ji shi da Turancinsa irin na mutanen garin. Ya ce takardar tsakiyar faifan ta daɗe da ruɓewa saboda damshin ƙasar nan, sunan mawaƙin kuma ya kwanta masa, amma zai tuna. Shagon na kulle, ya ce in ba shi lokaci ya samu hanyar zuwa.

Na ba shi lokaci. Da na sake kira, 'yarsa ce ta ɗauka. Ta ce cutar ta kama shi, yana asibiti, ba a barin kowa ya gan shi. Amma kafin a tafi da shi ya ware mini faifan da wani ƙaramin garmaho na hannu, ya ce a aiko mini. Ɗan babur ya ajiye kwalin a bakin get. Kafin kwalin ya iso ta riga ta turo saƙo cewa tsohon ya rasu.

Tun ina buɗe kwalin warin sanitaiza ya buge ni. Faifan ya yi fari-fari, yana danƙo a yatsa. Na kira 'yar tsohon. Ta ce ai daga gidan masu cuta ya fito, shi ya sa ta zauna ta goge shi sosai, gaba da baya, kada ta jawo mini ciwo. Irin waɗannan tsofaffin faifai ba sa shiri da barasar da ke cikin sanitaiza, narkar da su take yi. Mahaifinta ya hana kowa taɓa kayansa, don haka ba ta taɓa sani ba. Na yi mata godiya. Me zan ce wa wadda ko gawar ubanta ba a bari ta gani ba?

Duk da haka na wana hannun garmahon na kira gida ta bidiyo. Ƙanwata ta kara wa Baba wayar a kunne, ina ganin gefen fuskarsa. Na sauke allura. Shuuu kawai ke fita, ba jita, ba murya.

Baba bai ture wayar ba. Ya san wannan shuuu ɗin, da shi kowane tsohon faifai ke farawa kafin waƙa ta shigo. Ya lumshe ido ya gyara kai. Haka ya zauna, allura na tafiya, ni ina kallon bango don na kasa kallonsa, har ta kai ƙarshe.

"Yaya, ba a fara ba ne?" in ji ƙanwata a hankali.

Baba ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya yana juya shi.

Ta ce, "Wai ka sake sawa."